Shekarar da Munka Shanya Littattafai

Ni maginin ruhewa ne. Ga wanda bai san ta ba, ruhewa rumbu ce ta laka, mai ciki kamar tulu. Bisa duwatsu ake ɗora ta don kada gindinta shi taɓa ƙasa, bakinta kuma can sama shike, sai da tsani ake kai gare shi. Sana'ar ubana ce, na gaje ta tare da ciwon bayanshi. Lakkol, wato makarantar boko, na taɓa ta kaɗan, har wurin da ake fara rubutu da alƙalamin bik, sannan ubana ya ga laka ta fi mushe, malamin ajinmu, buƙatata. Daga baya na zauna yaƙi da jahilci, shi ya sa nike iya jera waɗanga baƙaƙe. Wanda ya ga kuskure shi gyara a ranshi, ni na gaji.

Garinmu na cikin duwatsun da ke tsakanin Buza da Garhanga. Muna da lakkol. Aji guda na siminti ne, sai dai ƙofarshi ta daɗe da barin garin, ba wanda ya san inda ta nufa. Sauran na zana ne, kowace kaka iyaye su kafa, kowane rani awaki su ci. Littafin karatu kuwa akwai shi, na gan shi da idona, hannun mushe. Shi ke kwafe abin da ke ciki bisa babban allo, yara su bi shi da baki.

Autata mace ce, kuma ita kaɗai cikin ɗiyana ta kai ajin ƙarshe. Yayyenta maza duk sun watse tun da wuri, wani Agadas, wani Najeriya. Ta zauna jarrabawar shiga koleji ta faɗi, anka bar ta ta maimaita ajin. Ba a ba da maimaici na biyu. In ta sake faɗuwa, gida za ta zauna, ta ɗauki guga da taɓarya kamar kowa. Ba abin kunya ba ne, uwarta haka ta yi. Amma yarinyar ba ta so. Ran da sakamako ya fito ba ta yi kuka ba, tuwo kawai ta ƙi ci, ta juya fuska ga bango. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Na tafi wurin diraktan lakkol na tambaye shi ko kanta ne babu kome. Saurayi ne, baƙo, ɗan wani ma'aikacin asibitin mishan daga wajen Madawa, Kirista, mai ladabi har shi gajiyar da mutum.

Ya ce, "Baba, kanta lafiya lau. Duk abin da na rubuta bisa allo tana haddace shi. Amma in anka miƙa mata takardar da ba ta taɓa gani ba, sai ta tsaya cak. Ba ta saba da karatu ba, don ba ta da abin karantawa."

Na ce, "To a ba ta."

Ya buɗe mini tafin hannuwanshi biyu. Na duba, babu kome ciki sai farin alli.

Bayan kakar wannan shekara sai ga masu purje, mutanen wata ƙungiyar taimako, cikin farar mota. Motar ta kafe cikin rairayin ƙorama, anka aiko a zo da amalanke, kuma nawa ne ya fi kusa. Na tarar da kwalaye, na ɗauka magani ne ko irin shuka. Littattafai ne. Na labarai, masu hotuna, wasu da Faransanci, wasu da Hausa. Kwali guda ya yage a hanya. Autata, da ta biyo ni don ta riƙe jaki, ta leƙa ta ga na sama, mai hoton raƙumi tsaye bisa tudun rairayi. Ba ta taɓa shi ba. Kallo kawai ta yi ta yi har munka iso, jakin kuwa shi ya riƙe kanshi.

Anka yi taro ƙarƙashin gawon dandali. Shugabar baƙin, wata mata mai tabarau, ta yi magana mai daɗi. Ta ce abin haɗin gwiwa ne na ɓangare uku. Lakkol ta ba da malami, iyaye su ba yara lokaci, gari shi ba da wurin ajiya mai kyau. Munka tafa. Na farko da na biyu sun wuce mu kamar iska. Na ukun ne munka ji da kyau, don ajiya ita munka sani.

Dole in faɗi dalili, kada a ɗauka mu wawaye ne. Shekarun baya wani purje ya buɗe mana bankin cimaka, wato hatsin gari da ake ajewa don lokacin yunwa. Ba a yi nisa ba aro ya fara. Wanga matarshi ta haihu, wancan surukinshi ya zo, kowa ɗan'uwan kowa ne, ba a iya cewa a'a. Da baƙin sunka dawo dubawa, abin da sunka tarar cikin ma'ajin kaza ce bisa ƙwai. Har kasuwar Buza anka riƙa tambayarmu lafiyar kazar. Daga nan munka kafa sabon kwamiti da doka mai tsauri: a zuba da kaka, a liƙe baki da laka, kada a buɗe sai ruwa ya sauka yunwa ta shigo, kuma ba aro ko ga maigari. Dokar ta yi aiki. Akwai daminar da, ba don ita ba, da rabin garin ya tashi. Tun daga lokacin kalmar aro ta zama kamar zagi a bakin dandali.

Saboda haka da anka ce wa za a danƙa wa littattafai, ba a yi gardama ba. Kwamiti guda gare mu wanda bai taɓa ba mu kunya ba. Shugabanshi, wanda muke kira farzidan, taubashina ne, ɗan ƙanwar ubana. Tun muna yara muke zagin juna, al'ada ta yarda, kuma ba mu taɓa barin damar ta lalace ba. Mutum ne mai amana. In ka ba shi ajiyar ruwa cikin tafin hannu, zai maido maka shi, amma sai ka mutu da ƙishirwa tukuna.

Akwai wata ruhewa da na gina kusa da ta hatsin gari, babu kome cikinta wannan shekara. Farzidan ya ce in gyara ta. Na shafe ta, na zuba toka a ƙasa, anka jera kwalayen ciki da bisimilla. Ina bisa tsani da laka a hannu na ce, "Kai, mai ƙaton kai, yaushe za a buɗe?"

Ya ce, "Ran da ake buɗe ta hatsi mana, bawan gidanmu."

"Lokacin an gama jarrabawa. Lakkol ta tashi bakansi, yara na gona."

"To ai ya yi daidai. Su karanta da hutu, hankali kwance."

"Da hauya a hannu?"

"Kai dai liƙe. Laka anka tambaye ka, ba shawara ba."

Diraktan ya nemi magana. Ya ce littattafan na yara ne, don a karanta anka kawo su, a aje su lakkol. Wani dattijo ya ce, "Mushe, ajinka da ƙofa?" Ko wannan safiya kuwa sai da anka share kashin awaki kafin a fara darasi. Ya sake cewa to a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, aro, shina maidowa. Bai san abin da ya taka ba. Wani ya yi tari. Farzidan ya ce mishi cikin mutunci, "Mushe, kai baƙonmu ne, muna son ka. Wagga kalma kada ka sake ta nan." Baƙo na iya koya wa ɗanka karatu, amma ba ya gaya maka ranar buɗe rumbu.

Na liƙe. In ban liƙe ba wani zai liƙe, kuma shi yi mugun aiki.

Da na koma gida uwar ɗiyana na tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Sannu da jana'iza."

Na ce, "Wa ya rasu?"

"An ce kai ka rufe kabarin. Ko sallah ba ku yi musu ba."

Autata na gefe tana wanke ƙwarya. Ta ce, "Baba, raƙumin nan ina za shi?" Na ce ban sani ba, ban tambaye shi ba. Daga ranar, in an aike ta rijiya sai ta bi ta bayan ruhewar, ko da yake ba hanya ba ce. Sanyi ya shigo, tana nan tana haddace allo, littattafai na nan lafiya lau cikin duhu, ba wanda ya ɓata ko guda. Ta wannan fannin purje ya ci nasara.

Ina da al'ada, cikin sanyi nakan zaga ruhewun da na gina, in ƙwanƙwasa, in duƙa in dubi duwatsun gindi. Da na zo ga ta littattafai sai na ga wani siririn zare na jar ƙasa ya hau dutse guda, ya kusa kai ga laka. Gara. Duk wanda ya taɓa aje hatsi ya san wannan zaren. Abin da nike yi kullum shi ne in kankare shi da ƙafa, in watsa toka, in wuce ba tare da na gaya wa kowa ba. Garar nan ba ni na ƙirƙire ta ba, Allah ne shaida. Abin da na yi kawai, ban taɓa ta ba, na tafi na kira mata shaidu.

Farzidan ya zo da gudu, hula a hannu. Ya duƙa, ya duba, ya miƙe, fuskarshi ta koma kamar toka. Na san abin da shike gani: farar mota, mata mai tabarau, da kwalaye cike da ƙasa. Na san kuma shina jin kukan kaza.

"Ta shiga ciki?"

Na ce, "Ban san zuciyarta ba. Amma gara da takarda, kamar kai ne da tuwon gidan mutane."

"Bar wasa, don Allah. Mi za a yi?"

"Abin da ake yi wa wake. Shanya."

Nan take hankalinshi ya fara dawowa. Shanya ba aro ba ce. Shanya aikin mai kula da dukiya ne, kowa ya san ta, ba wanda zai yi mana dariya a kasuwa don mun shanya. Na ƙara mishi da cewa takarda ba wake ba ce da za a baza a tafi. Kowane littafi sai an buɗe shi, an juya ganyenshi ɗaya bayan ɗaya don rana ta shiga. Kuma ƙwan gara bai mutuwa da rana guda.

Sai tambayar wa zai yi. Maza rabi sun tafi cin rani, rabi na fadama wurin albasa. Tsaron shanya kuwa, kore awaki da kaji, tun kakanni aikin yara ne. Farzidan da kanshi ya taka zuwa lakkol ya roƙi diraktan shi taimaka wa gari da yara ran Laraba da yamma da ran Asabar, tunda ba a karatu lokacin. Ina tsaye. Diraktan ya dube ni, na dubi rufin zana. Ya ce zai yi ƙoƙari, saboda zumunci. Ya ce kuma a saninshi, in anka juya ganye da gaggawa rana ba ta kama shi. Gwargwadon da ya dace shi ne yaro shi bi ganyen da ido daga sama har ƙasa kafin shi juya.

Farzidan ya ce, "Ka ji masu ilimi."

Na fasa lakar da na liƙa. Anka shimfiɗa tabarmi a dandali, anka baza littattafai, anka zaunar da yara. Ban taɓa jin yaran garinmu sun yi shiru haka ba, ko gaban bulala. Ƙanana na bin hotuna da yatsa. Manya na motsa leɓe. Farzidan na zagayawa da sanda kamar mai duba gonar gandu, shina cewa, "Kai, ɗan gidan wane, a hankali! Tsere kake da wa? Koma baya, wancan ganyen bai sha rana ba." Yaro shi koma baya shi sake karantawa. Diraktan na zaune gefe bisa dutse, wai shi ma iska shike sha, yara na zuwa ɗaya ɗaya suna nuna mishi wurin da ranar ta ƙi shiga.

Autata ta tafi kai tsaye ga raƙuminta. Da Faransanci shike, mai kauri. Ranar farko ganye kaɗan ta iya, tana tuntuɓe da kowace kalma, gumi na zubo mata cikin sanyi. Da yamma anka tattara anka mayar ruhewa. Ta gaya mini a hanya cewa raƙumin teku shike nema, wai ya ji labarin ruwan da ba ya ƙarewa. Na ce Allah shi ba shi sa'a, mu ma shi muke nema.

Haka anka yi ta yi har sanyi ya wuce, zafi ya fara. Garar kuwa ina kula da ita. In ta matso kusa da laka in rage mata hanya, in ta yi sanyin jiki in bar ta ta huta. Ban taɓa kiwon dabbar da ta amfane ni kamarta ba.

Sai ran wata Asabar. Autata ta kusa ƙarshen littafin, ta ci karo da wata kalma, ta aje shi buɗe bisa tabarma ta tafi tambayar mushe. Yara sun fi a ƙirga a wurin, kowa da sanda kusa da ƙafarshi, kuma ba wanda ya ɗago kai. Wata akuya ta shigo tsakiyarsu cikin natsuwa, ta zaɓi raƙumi, ta cinye ganyayen ƙarshe. Akuyar farzidan ce, amma wannan bai shiga cikin shari'a ba.

Farzidan ya tsaya da ragowar littafin a hannu, ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, har lokacin wasu ba su san abin da ya faru ba. Na ga abin na shigarshi a hankali, kamar ruwa cikin busasshiyar laka.

Ya ce, "La ilaha illallahu. Yaran nan ba tsaro suke ba. Karatu suke!"

Na ce, "Kai, haba."

"Rufe mini baki, bawan gidanmu. Da kai anka haɗa."

Washegari anka kira taro. Shawarar kwamiti ita ce a mayar da kome ruhewa, a kankare gara, a liƙe sai damina. In kuma shanya ta zama dole, a sa tsofaffi waɗanda ba su iya karatu ba, su hankalinsu na kan awaki. Jarrabawa saura ɗan lokaci. Autata na gida, ta sake juya fuska ga bango, don gari duka na cewa ɗiyar magini ce ta ba akuya dukiyar jama'a. Na yi magana a taron, na ce yarinyar ta fara karanta takardar da ba ta taɓa gani ba, in anka rufe yanzu an rufe da ita. Anka ce ai ɗiyata ce, dole in faɗi haka. Gaskiya ne, dole in faɗi haka.

Mata ba su zama taron dandali. Suna tsayawa can baya, wai wucewa suke. Wannan rana masu wucewar sun yi yawa, kuma uwar ɗiyana na cikinsu, riƙe da hannun gwaggona, uwar farzidan. Tsohuwar ba ta gani sosai, amma muryarta ba ta tsufa ba. Daga baya na ji tun safe uwar ɗiyana ke ɗakinta, ta kai mata fura.

Tsohuwar ta ce, "Kai, yaro."

Mutum mai furfura a gemu ya ce, "Na'am, Inna."

"Tun da na haife ka, ka taɓa ganin na shanya kuɓewa a dandali?"

"A'a, Inna."

"To wa ya gaya muku ana shanya inda awaki ke yawo? Cikin gida ake yi, bisa rufin runfa. Aikinmu ne kunka ɗauka ba ku tambaya ba, kunka ɓata, yanzu kuna neman yarinyar da za ku ɗora wa. Ku raba mana su gida gida, mu shanya muku kamar mutane."

Ya ce, "Inna, in littafi ya kwana gidan wani, ai ya zama..." Bai iya ƙarasa kalmar ba.

"Ya zama mi? In na ba maƙwabciyata barkono ta shanya mini bisa ɗakinta, aro na ba ta? Aiki na sa ta. Ita ke da godiya a wurina."

Dattawa sunka dubi juna. Ba wanda ya taɓa jin an kira shanyar barkono aro. Farzidan ya yi ta murza gemu. Ba ya iya musa wa uwarshi gaban jama'a, kuma ba ya iya sakin dukiya haka nan. Sai ya kafa sharuɗɗa, da murya mai ƙarfi don a san har yanzu shi ne farzidan. Gidan da ke da ɗan lakkol kaɗai za a ba, don a san wanda za a kama. Kowace ranar kasuwa a maido littafin bakin ruhewa shi duba shi da idonshi. Kuma ba za a mayar da littafi gidan da ya fito ba, sai a ba da wani, kada gida shi saba da shi har shi ɗauka nashi ne.

Diraktan ya sunkuyar da kai, kafaɗunshi na rawa. Ya ce tari ne.

Haka littattafai sunka shiga gidaje. Da hantsi in ka bi gari sai ka gan su bisa runfuna, kusa da kuɓewa da tattasai, kowane da ɗan dutse bisa kanshi. Matan ba su yi ƙarya ba, suna shanyawa. In yara sun taso lakkol sai a sauko da su. A gidana uwar ɗiyana ta ɗauke wa auta zuwa rijiyar yamma. In wata ta tambaya sai ta ce, "Tana juya wa kwamiti ganye." Amma ba kyauta ba. Sai ta zauna kusa da turmi ta karanta da ƙarfi, in na Faransanci ne ta mayar da Hausa, don uwar ta ce ba za a shanya abu gidanta ba ta san ko mine ne ba. In yarinyar ta yi tuntuɓe, uwar, wadda ba ta san baƙi ko guda ba, ta ce, "Sake. Ban ji daɗin wurin nan ba." Ni ina gefe ina gyaran igiya. Ba saurare nike ba, amma kunne ba shi da ƙofa, kamar ajin mushe.

Na raƙumin, diraktan ya ɗinke abin da ya saura. Littafin ya zaga gari kamar sauran. Yara sunka rabu biyu, wasu sun ce ya kai teku, wasu sun ce ya mutu a hanya. Har faɗa anka yi a bakin rijiya. Farzidan ya ce a tambayi akuya.

Ranar jarrabawa ni na kai yaran da amalanke garin da ake zamanta. Ruwa ya sauka, munka yi shuka, anka buɗe ruhewar hatsi bisa doka. Ina gona ina noman farko sai na ji babur ɗin diraktan. Ya tsaya bakin kunya, bai ko kashe shi ba.

"Baba, ta ci!"

Na ce, "To." Na ci gaba da noma har ƙarshen kunyar, don ba a barin kunya rabi. Daga gari ina jin guɗar uwarta. Ba duka sunka ci ba, kada in yi ƙarya. Littafi ba laya ba ne. Amma ta ci.

Masu purje sun dawo bayan kaka. Farzidan bai yi barcin kirki ba kafin zuwansu, don littattafan sun yi baƙi, wasu da tabon miya, wasu kunnuwansu sun lanƙwashe. Ya sa anka jera masu ɗan haske a sama, anka tura sauran ƙasa. Mata mai tabarau ta ture na saman, ta yi ta tono har ta kai ga mafi dauɗa, ta ɗaga su tana murna tana ɗaukar hoto. Ta ce akwai garuruwan da ta tarar da nasu sababbi fil cikin kwali. Farzidan ya girgiza kai, ya ce wasu mutane ba su san darajar abu ba. Ta tambaye shi yadda munka tsara ba da aro ga iyalai. Ya miƙe tsaye.

"Madam, garin nan ba a ba da aro."

Ta dubi diraktan, tarin ya sake kama shi. Na ji an ce yanzu har wajen Keita ana ba da misali da mu wurin haɗin kan lakkol da iyaye da gari. Ba a ambaci gara ba. Haka duniya take, mai aikin daban, mai suna daban.

Autata na koleji a Buza, gidan wata ƙanwata. Abin da na samu cikin lamarin shi ne ƙarin tafiya, don ni ke kai mata hatsi bisa wannan hanya ta duwatsu, da wannan baya nawa. Rijiyar yamma kuma ta koma kan uwarta gaba ɗaya, kuma ni ake gaya wa.

Da ta zo hutun farko, ina cuɗa laka bayan gida, ta tsuguna kusa da ni. Ta ce akwai ɗakin littattafai a kolejin, mai ƙofa, har da kwaɗo. Ta ce ta sami na raƙumin a can, cikakke.

Na ce, "Ya kai?"

"Ya kai, Baba."

"To madalla. Ya sha ya ƙoshi."

"Bai sha ba. Ruwan gishiri ne."

Na ci gaba da taka laka. Na ce kada ta gaya wa yaran gari, ta bar su da faɗansu. Ta ce ai ta riga ta kwafo ganyayen da hannunta, za ta kai wa mushe shi ɗinka. Na ce to ta bi ta wurin farzidan tukuna, shi duba, kada a shigar da abu cikin dukiyar jama'a bai sani ba. Ta tashi ta tafi. Na kira ta, na ce in ta ga akuyar a hanya ta riƙe takardar sama.